Ƙafar Bitrus da Babur ɗin Rifkatu

Abin da ya fara ɗaukar idona ranar da na kama aiki ba ginin asibitin ba ne, babur ne. Fari ƙal, sabo dal, an kafe shi a inuwar ɗorawar da ke bakin ƙofa, ko ledar kujerarsa ba a ɓare ba. A bayansa an ɗaure wani akwati shuɗi mai kaurin murfi. Na tsaya da jakata a hannu ina yi masa irin kallon da 'yan matan cikin littattafan da nake haya a kasuwar Zuru suke yi wa motar baƙon saurayi. Har na hango kaina a kai, mayafina yana kaɗawa, yara suna bina da gudu. Ina cikin wannan mafarki sai wata doguwar yarinya ta fito daga ɗakin allura tana juya makulli a ɗan yatsa. Rifkatu ce, wadda muka yi aji ɗaya a makarantar koyon aikin lafiya, wadda idan jarrabawa ta matso ni ce mai maimaita mata darasi.

"Hadiza! Ke ma nan aka jefo ki?"

"Nan fa. Wanga na wane ne?"

"Na rigakafi ne. Ni aka ba." Ta yi dariya ta bubbuga kujerar. "In kin yi hankali wata rana in goya ki."

Ubanta soja ne, a bariki ta girma, tun tana ƙarama take satar hawan babur ɗin yayyenta. Ni kuwa ɗiyar mai sayar da atamfa ce, ko keke ban taɓa hawa ba. Na shiga ciki na gaida Mama Saratu, tsohuwar nas ɗin da ke riƙe da wannan ƙaramin asibiti na bayan Dabai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kama hannuna ta fito da ni baranda, ta nuna mini wani dogon benci da aka tokare ƙafarsa ɗaya da dutse.

"Ga naki," in ji ta.

Ku ɗaliban da ake turo mana koyon aiki yanzu, na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa aikin Anti Hadiza raba kati ne, ko ɗan firamare zai iya: wanda ya riga zuwa ya karɓi lamba ta ɗaya, na bayansa ta biyu, a yi ta kira har a tashi. Kowaccenku so take a kai ta ɗakin haihuwa ko ɗakin allura, inda ake sa safar hannu a ɗauki hoto a waya. Ban ga laifinku ba, ni ma abin da na so ke nan. Amma a asibitin da mutum ɗaya ne ke duba marasa lafiya, magani kuma ba ya kaiwa yamma, mai riƙe da benci ita ce ke yanke wanda zai samu da wanda zai koma gida hannu Rabbana. Tun ina budurwa nake wannan yankan, ga shi har furfura ta leƙo daga ɗankwalina, kuma ban taɓa jin ya zama da sauƙi ba.

Makonnin farko Mama Saratu ba ta bari na taɓa kati ba. Kowace safiya sai ta sa ni in bi bencin daga wannan kai zuwa wancan ina gaisuwa kawai. Ina kwana, yaya jiki, yaya mai jiki. Idan na dawo ta tambaye ni wa na gani. In ce na ga mai tari, na ga mai ciki, na ga yaro yana ta tsala kuka. Sai ta ce, "Mai kuka yana da ƙarfin kuka. Koma ki nemo mini wanda ba shi da shi." A hannunta na koyi sa uwa ta kwance goyo, don a ƙarƙashin zane ake ɓoye abin da ya fi muni. Ta nuna mini yadda ƙirjin jariri ke lomawa a ƙasan haƙarƙari idan ciwon huhu ya kama shi, da yadda ake tsunkular fatar ciki a ga ko za ta koma ko za ta tsaya a tsaye. Ta koya mini jan fatar ido a ga fari ne ko ja. Mai ciki kuwa idan fuskarta ta haye tana dafe da kai, ko ita ce ta zo ƙarshe, ita ce ta farko.

Kayan aikina duka suna shiga aljihun riga. Ma'aunin zafi na gilas da ake kaɗawa kafin a sa a hamata, agogon hannu mai sandar daƙiƙa don ƙirga numfashi, tef mai launi uku na auna dantsen yaro, sai abin awon jini wanda robarsa ke yoyon iska, mun liƙe shi da filasta har ba a gane asalin launinsa. Katunan kuwa kwalin magani ne muke yankawa mu rubuta lamba. Amma abin da ya fi yi mini aiki hancina ne da ƙafata. Mai zama a kan tebur tana miƙa kati ba za ta taɓa jin warin da ya kamata ta ji ba.

Akwai wata Litinin da na fara fahimtar cewa bin layi ma yana iya zama zalunci. Mutanen da ke kusa da asibiti sukan zo da sassafe su ajiye dutse ko takalmi a kan benci, su koma gida su yi shara su ɗora tukunya, su dawo su tarar da wurinsu. Mutanen kan tudu kuwa, waɗanda suka taso tun kafin masu dutsen su farka, sai rana ta take suke isowa. A ranar maganin zazzaɓi ya ƙare kafin azahar. Masu dutse duk sun samu, har da wanda ciwon kai kawai ya kawo shi. Wata mata ta iso da laka har gwiwa da yarinya mai zafi kamar garwashi, muka ce mata babu. Daga ranar Mama Saratu ta riƙa ware wani kaso ta sa a kwabar ƙasa, muna kiransa rabon 'yan nesa, ba a taɓa shi sai rana ta karkata. Ni kuma na koyi duba ƙafa kafin in duba fuska. Ƙafa tana faɗin inda mutum ya fito.

Kada ku ɗauka ana gode mana. Wata rana matar wani kofur ta zo da ɗanta mai mura, ta karɓi lamba ta uku. Na ɗago wata Bafulatana daga can ƙarshen benci na shigar da ita, don jaririnta ya daina kama nono, idonsa ya kakkafe.

"Ke malama, zo nan. Lamba nawa ce a hannuna?"

"Uku ce, Madam."

"Waccan fa mai ƙwarya?"

"Ba ta da lamba. Ɗanta ne ba ya jira."

"Nawa kuma katako ne ko? Mijina yana can daji yana tsare ku, ku kuna nan kuna sayar da layi da nono."

Wani tsoho mai sayar da goro ya sa baki daga gefe: "Madam, ki yi haƙuri. Ɗanki da kike gani shina cin ƙosai, ai ba shi mutuwa yau."

Benci ya ɗauki dariya, ita kuma ta sauke mini sauran fushin a kaina. Haka aikin yake. Wanda kika shigar ba ya ganinki, hankalinsa yana kan ɗansa. Wanda kika tsayar kuwa ba ya manta fuskarki har abada. Ko a gidan biki na sha jin ana nuna ni da baki: ga mai tsallake mutane can.

Rifkatu ba ta san wannan ba. Ita duk inda ta shiga alheri ta kai. Yara suna jin ƙarar babur ɗinta su fito suna ihu, mata su ba ta gyaɗa da ƙwan zabo, tsofaffi su sa mata albarka da harshe biyu. Shirin rigakafi yana da masu ɗaukar nauyinsa daga nesa, don haka komai nata sabo ne: rigar ruwa, takalmin roba, hula, safar hannu katan-katan. Ni ina wanke tawa safar in shanya a igiya, nata suna jibge a kusurwa an rubuta a jikinsu cewa na rigakafi ne kaɗai. A kira ta taro Birnin Kebbi, ta kwana a ɗaki mai sanyi, ta dawo da jaka mai tambari tana ba mu labarin naman kaza. Baƙi su zo da farar mota, su ratsa ta gaban bencina suna ɗage ƙafa kada su taka marasa lafiya, su wuce kai tsaye su ɗauki hoton akwatin shuɗi. Ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa ƙafar benci take kan dutse. Ban ƙi Rifkatu ba, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Amma duk lokacin da ta tada babur ɗin nan sai ƙyashi ya kama ni, kuma ban ga dalilin da zan ɓoye muku ba: ni na fi ta ƙoƙari a aji.

Akwai mutanen da suka fi kowa wahalar ganewa a kan benci, su ne samarin golmo. Waɗanda ba 'yan ƙasar nan ba a cikinku, golmo shi ne noman da saurayin Lelna, ƙabilar wannan yanki, yake yi wa iyayen yarinyar da zai aura, damina bayan damina, shi da sa'o'insa, yau a gonar surukin wannan gobe a ta wancan. Ba noman kawai ake dubawa ba, ana duba juriya. Saurayin da ya ce wash a gaban surukai ya ba da kansa, 'yan mata za su sa shi a waƙa. Don haka idan ɗan golmo ya zo asibiti, can nesa yake zama, ya miƙe wuya, ka tambaye shi ya ce lafiya lau. Ni kuwa da kaina ya cika da littattafai, babu abin da yake burge ni irin wannan. A littafi saurayi turare yake kawowa da alkawari. A nan shekarunsa yake zubawa a ƙasa da fartanya saboda mace ɗaya. Nakan kalli 'yan matan da ake yi wa golmo, yawancinsu ko takalmi ba su da shi, in ji ina ma ni ce.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda ruwa ya cinye kwalbatin da ke tsakaninmu da babban titi. Mota ta daina shigowa. Babur kawai ke iya zagayawa ta wata doguwar hanya ta bayan duwatsu, kuma a lokacin babura ba su yi yawa kamar yanzu ba, waya kuwa ba ta iso mu ba. Ana cikin haka amai da gudawa ya ɓarke. Ledojin ƙarin ruwa suka ƙare, muka koma haɗa gishiri da sukari a bokiti muna ba mutane da kofi. Baranda ta cika, muka shimfiɗa tabarmi har gindin ɗorawa.

A cikin wannan hali, wata safiya Mama Saratu ta hau bayan babur ɗin malamin makaranta, wanda shi kaɗai ya rage a ƙauyen, ta tafi Zuru roƙon ledojin ruwa. Ta bar ni ni kaɗai. Ina bin tabarmi da kofi sai hancina ya kama wani wari da ba na gudawa ba ne. Na bi shi har bayan ɗorawa. Samari ne zaune a kan saiwa, sun sa ɗaya a tsakiya, ya rufe ƙafarsa da buhu, ƙudaje sun yanyame buhun. Kyakkyawa ne, mai faɗin kafaɗa, gumi yana tsattsafo masa a goshi duk da sanyin safiya. A bayansu wata yarinya tana tsaye da ƙullin abinci a ka, idonta a ƙasa.

"Wa ba shi da lafiya?"

"Ba kowa," in ji shi. "Ɗan ciwo ne. A gama da mata tukuna."

"Yaya sunanka?"

"Bitrus."

"Bitrus, ɗage buhun nan."

Bai ɗage ba sai da yarinyar ta juya baya. Ladi sunanta, ita yake yi wa golmo, kuma wannan ce daminarsa ta ƙarshe. Fartanya ce ta sare shi a ƙwauri a gonar ubanta. Ya ɗaure da ganye ya ci gaba da noma, kwana da kwanaki, don kada a ce ya gaza a bakin gaɓa. Da na kwance tsumman sai da na riƙe numfashi. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, idan na danna fatar sai in ji tana ƙaraƙas a ƙarƙashin yatsana, baƙin kuma ya fara hawa sama. Wannan ba aikin aidin da bandeji ba ne. Aikin ɗakin tiyata ne, kuma a ranar. Na wanke abin da zan iya wankewa, na yi masa allurar da ta rage mana. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Ina ɗaure bandejin na ji ƙarar farin babur. Rifkatu ce ta zagayo daga Zuru da akwatinta cike da allurar ƙyanda, ta tsaya ɗaukar sirinji kafin ta hau wata unguwa da muke kira Saman Dutse. A rayuwata ban taɓa murnar jin wannan ƙara ba sai ranar. Na ruga na kama hannun babur ɗin.

"Sauke akwatin nan. Za ki kai mini mutum Zuru."

Ta zo ta duba ƙafar. Na ga fuskarta ta canza, ta san abin da ta gani. Ta daɗe a tsugune, sannan ta miƙe ta ja ni gefe.

"Hadiza, ba zan iya ba."

"Mi kika ce?"

"Ƙanƙarar da ke cikin akwatin nan ba za ta kai la'asar ba, kuma kin san firjinmu ya mutu. In na je Zuru na dawo, ruwa zan tarar."

"To a kawo wata gobe."

"Wace goben? Wata nawa na yi ina hawa dutsen nan ina roƙon mai unguwa? Yau ya hana mata zuwa gona, ana tsakiyar noma, duk suna zaune da yara suna jirana. In ban je ba, ba za su sake zama ba sai bayan girbi. Kin san abin da ke zuwa bayan girbi."

"Waɗancan lafiyarsu lau! Wanga ƙafarsa ke ruɓewa a gabanki!"

"Na gani."

"Ba ni akwatin in hau da ƙafa, ke ki kai shi."

"Ki bar wa wa waɗannan?" Ta nuna tabarmin. "Kuma kafin ki kai da ƙafa rana ta faɗi."

Na ce mata abin da ya daɗe a cikina. Na ce ba yaran take ji ba, masu farar mota take tsoro, kada a ƙwace babur a daina kiranta Birnin Kebbi. Ta koma wurin Bitrus ta durƙusa, ta yi masa magana da harshensu, wanda ni kaɗan nake tsinta. Ya amsa mata a gajarce. Ta ɗebi sirinjinta, ta tada babur, ta nufi dutse. Na tambayi ɗaya daga cikin samarin me ya ce mata.

"Ya ce ta yi sauri rana tana yi. Can ne gidansu. Ƙannensa suna cikin masu jira."

Samarin suka ciro ƙyauren ɗakin ajiyarmu suka kwantar da shi a kai. Suka ɗauka a kafaɗa, suka ratsa rafi ruwa har ƙirji, Ladi tana biye da ƙullinta a ka. Na raka su bakin ruwa na dawo wurin bokitina. Daga baya na ji sai da suka kai titi, suka daɗe ba mota, kafin wata mai ɗaukar dawa ta tsaya musu. Da suka isa babban asibiti, likita ya duba ya ce babu abin da za a ceta a ƙasan gwiwa. Aka yanke.

Na je duba shi ranar hutuna. Na tare likitan a baranda na tambaye shi: da an kawo shi da hantsi a kan babur fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila, wataƙila kuma tun kafin ya zo wurinmu ƙafar ta riga ta tafi. Na so ya ce mini e, in ɗauki wannan e ɗin in kai wa Rifkatu in ajiye mata a gaba. Bai ba ni ba. Duk da haka na daina cin abinci a kwano ɗaya da Rifkatu. Mama Saratu ta zuba mana ido kwana biyu, sannan ta kira ni ta ce, "Ke kullum kina tsallake mai lamba saboda wanda ya fi shi bukata. Yau an tsallake naki, shi ne kike kumburi?" Na ce ai nawa shi ya fi bukata. Ta ce, "A bencinki. Ita nata bencin yana kan dutse, ba ki gan shi ba ne kawai."

Bayan girbi ƙyanda ta shigo. Bencina ya cika da yara masu jajayen idanu da ƙuraje har cikin baki, wasu mun samu kansu, wasu an mayar da su a naɗe cikin zane. Daga unguwannin da allura ba ta kai ba aka yi ta kawo su. Daga Saman Dutse kuwa ba mu ga ko ɗaya mai tsanani ba. Mai unguwarsu ya sauko da kansa da tunkiya a igiya, ya ɗaure ta a jikin farin babur. Aka kira Rifkatu aka ba ta takardar yabo a gaban manya. Ni da na kwashe damina ina ɗura wa mutane ruwan gishiri da kofi, na shiga rani ina goge idon yara da auduga, ina cikin masu tafi. Naman tunkiyar ta kawo mini cinya guda, na ci, a nan muka koma kwano ɗaya.

Har yau idan aka tambaye ni wa ke da gaskiya a ranar, bakina yana cewa Rifkatu, cikina yana cewa ni. Abin da na sani shi ne babu ɗayanmu da ya kamata a sa ta zaɓa. Da masu rabo daga sama sun kalli benci yadda suka kalli akwati, da akwai babur na biyu a gindin ɗorawa, ko firji mai rai. Amma ku ba a sama za ku yi aiki ba. Za a ba ku abu ɗaya da mutum biyu, wani lokaci ɗayan ma ba ya gabanku, kuma za ku zaɓa kafin rana ta yi. Yanzu da mutanen da suka baro ƙauyukansu ta wajen Wasagu saboda rashin tsaro suka ƙaru a kan bencin, zaɓin ya fi na da yawa. Rifkatu kuwa tuni aka ɗauke ta zuwa hedikwata, tana da ofis da direba. Idan ta zo duba mu takan rungume ni a gaban kowa ta ce ni ce na koya mata karatu, ni kuma in yi murmushi ina kallon takalminta.

Saura Bitrus. Sa'o'insa sun ƙarasa masa noman, har suka kai dawa rumbun uban Ladi, ba wanda zai ce bai cika golmo ba. Na riga na gama rubuta ƙarshen labarin a kaina: amarya tana tafe a hankali don ta daidaita da sandar ango, ni kuma ina gefe ina sharar hawaye. Ladi ta yi jinyarsa har ya warke. Da aka zo maganar ɗaurin aure shi ne ya ce a dakata, ba zai kai 'yar mutane gidan da ba mai noma ba. Aka dakata shekara, aka ƙara wata. Daga baya ta auri wani soja suka tafi kudu. Ranar da na ji, na fi shi shiga damuwa, har na yi wata guda ban karɓi hayar littafi ba.

Ya koyi ɗinki da keken hannu. Yanzu yana da rumfa a kasuwar Zuru, layin masu yadi, ba nisa da inda mahaifina ya yi ciniki. Ya yi ƙiba, ya yi sanƙo, ya zama mai surutu, duk shirun nan na golmo ya tafi. Ya auri wata mai sayar da waina, suna da yara. Kwanakin baya na kai masa ɗinkin rigar aiki, na tarar da babbar ɗiyarsa tana sa maɓalli, doguwa mai kama da shi. Ya gabatar da ni da murna, ya ce mata wannan ita ce ta wanke masa ƙafa ranar da ba wanda zai iya tsayawa kusa da shi. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Na ji daɗi ƙwarai, na tambaye ta sunanta.

"Rifkatu," in ji ta.

Bitrus ya ɗauki tef ya ce in ɗaga hannu ya auna.